WUTAR LANTARKI A BAKIN RUWA: GARGAƊI GA MASU LAMBU DA MASU KIWON KIFI NA KAMAZOU

Ga damina ta ja baya, ruwan Kogin Kaduna ya fara sauka, masu lambu na Kamazou da Karji da Janruwa sun soma share fadama don noman rani. Wanda ya bi hanyar Yakowa da sassafe zai ga ana ɗauke da tiyo da bututu da injuna a kan babura, kowa ya nufi bakin rafi. To, tun kafin a jefa bututu cikin ruwa muna so mu yi magana a kan wani abu wanda ba a cika kula da shi ba sai ya yi ɓarna, watau wayar lantarki da tsohon dandamalin katako wanda a ke ɗora inji a kai.

Kakanninmu da jigo su ka yi ban ruwa. Jigo yana da wahala, amma bai taɓa kashe mai shi don ya taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu ba. Bayan jigo aka sami injin fetur. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 fetur ya yi tsada, mutane da yawa su ka koma ga famfo mai aiki da wutar lantarki, waɗansu su ka ja waya daga gida, waɗansu daga janareta, waɗansu kuma su ka sayi na hasken rana. Haka kuma masu kiwon tarwada, waɗanda ba su da hutu wajen sake wa kifi ruwa. Wannan ci gaba ne, ba mu ce a bari ba. Amma fa da yawa daga cikin famfunan nan tsofaffi ne, wayoyinsu sun sha rana da ruwa shekara da shekaru, katakon da ke ɗauke da su kuwa gara ta cinye cikinsa.

Kwanan baya na ziyarci wani lambu. Mai shi akawu ne a cikin gari, ba ya zuwa sai Asabar, ya bar wani yaro yana lura da wurin. Na ga waya ta taso daga gida, ta bi ta kan ƙasa cikin ciyawa wajen taki ɗari biyu, an haɗa ta a wuri huɗu, an naɗe kowace mahaɗa da baƙar leda. Na tambayi yaron ko injin yana ba shi wahala. Ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, lafiyarsa lau. Sai dai in ka taɓa jikinsa yana ɗan ja, amma mun saba." Wannan "mun saba" ita ce ta sa na rubuta darasin nan.

YADDA WUTA KE KAMA MUTUM

Wutar da ke shiga gidajenmu ƙarfinta wajen bolt 230 ne. Tana fitowa daga taransifoma ta waya ɗaya, ta yi aikinta cikin inji ko ƙwan fitila, ta koma ta waya ta biyu. Taransifoma kuwa a haɗe ya ke da ƙasa. Saboda haka in wuta ta sami ƙofar zurarewa, ko ta jikin ƙarfe, ko ta ruwa, ko ta jikin mutum, sai ta bi ƙasa ta koma inda ta fito. Mutumin da ke tsaye bisa busasshen katako da takalmin roba bai zama hanya mai sauƙi gare ta ba. Amma mai lambu da ke tsaye cikin taɓo ba takalmi, hannunsa da jiƙe, jikinsa da gumi, shi kam buɗaɗɗiyar hanya ce.

Yawan wutar da ke gudana a cikin waya ana auna shi da amfiya, kuma in an raba amfiya ɗaya gida 1,000, kowane kashi sunansa miliamfiya. Ku riƙe waɗannan lissafi. Miliamfiya 1, mutum zai ji ɗan tsikari. Daga wajen 10 zuwa 15, tsokar hannu ta ƙage, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe ko da yana so. In ta kai wajen 30 ta daɗe, numfashi ya sarƙe. Daga 50 zuwa 100, zuciya na iya rikicewa ta daina tura jini, in ba a yi taimako ba cikin 'yan mintoci sai mutuwa. To, ƙwan fitila na da, mai wat 60, yana jan wajen miliamfiya 260. Kun ga ke nan wutar da ba ta isa kunna ƙwai ɗaya ba ta isa ta kashe ƙato.

Wani malami na Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, Charles Dalziel, shi ne ya yi suna wajen auna yawan wutar da ke hana mutum sakin waya, kuma a 1961 ya ƙago wata na'ura ta tsare mutane daga wannan haɗari. Za mu dawo kanta.

Abin da ya fi wannan ban tsoro shi ne wutar da ta zurara cikin ruwa. Ba ta da launi, ba ta da ƙara, ruwan yana nan kwance kamar kullum. Amma a kewayen wurin da ta ke fita, ruwan yana ɗauke da ita, da ƙarfi a kusa, da sauƙi a nesa. Jikin mutum yana da gishiri, don haka ya fi ruwan daɗi sauƙin bi ga wuta. Watau in mutum ya shiga ruwan kogi ko na tafkin kifi inda a ke yoyon wuta, sai ta bar ruwan ta bi ta jikinsa. Ba sai ta tsayar da zuciyarsa ba. In ta ƙage masa hannu da ƙafa kawai, ya kasa iyo, ya nutse, ko da ya fi kowa gwaninta a ruwa. Sau da yawa ba a ganin ƙuna ko tabo a jikin gawar, sai a ce ruwa ya ci shi, waɗansu ma su ce 'yan ruwa ne su ka ja shi.

A Amurka, inda masu hali ke gina dandamalin katako na kansu a bakin tafki, su ja masa wuta don fitila da ɗaga kwale-kwale, sun daɗe da sanin wannan masifa. Ran 4 ga Yuli 2012, a Tafkin Ozarks na jihar Misuri, wata yarinya 'yar shekara 13 da ƙanenta ɗan shekara 8 su ka mutu suna wanka kusa da irin wannan dandamali, bayan 'yan kwanaki kuma wata mata ta mutu haka a tafkin nan. Mu ba mu da irin waɗannan gine-gine, amma gadon katako na inji da waya a bakin Kogin Kaduna abu ɗaya ne da su a wajen haɗari. Kuma ruwan nan ba na mai lambu ba ne shi kaɗai. Akwai masu su, da masu haƙar yashi, da mata masu wanki, da yara masu wanka, da makiyaya masu shayar da shanu. Saniya ma ta fi mutum saurin faɗuwa, domin tazarar da ke tsakanin ƙafafunta na gaba da na baya tana da yawa, wutar da ke bin jiƙaƙƙiyar ƙasa sai ta shiga ta gaba ta fita ta baya, ta ratsa ƙirjinta. Wanda wayarsa ta kashe saniyar Bafillace ya san shari'ar da ke gabansa, balle ran ɗan mutum.

FIS BA YA TSARE RAI

Mutane da yawa suna zaton tun da akwai fis ko bireka a gida, ai in wani abu ya faru wuta za ta ɗauke. Wannan kuskure ne babba. Fis ɗin da ke cikin fulogi mai ƙafa uku yawanci na amfiya 13 ne, watau miliamfiya 13,000. Ba zai tsinke ba sai wuta ta wuce haka. Mun kuwa faɗa miliamfiya 100 ta isa kisa. Aikin fis shi ne ya hana waya yin zafi ta ƙone gida. Mutum na iya mutuwa riƙe da inji, fis yana nan garau. Wanda kuma ya cire fis ya ɗaura zaren waya ko ƙusa a madadinsa, ya rasa har wannan ɗan tsaron.

Abu biyu ke tsare rai, kuma tare su ke aiki.

Na farko wayar ƙasa. Ita ce waya ta uku, koriya ko mai ratsin kore da rawaya, wadda ke haɗa jikin ƙarfen inji da sandar tagulla da aka kafa cikin ƙasa. In wuta ta zurara zuwa jikin inji, sai ta sami wannan hanya ta bi maimakon jikin mutum. Masu jan waya zuwa lambu sun saba sayen mai jijiya biyu don ta fi araha, su bar ta ukun. Araha ba ta ado. A sayi mai jijiya uku, a kafa sanda mai tsawon ƙafa 4 ko 6 a wuri mai damshi kusa da inda a ke kunna inji, a ɗaure wayar da maƙalin tagulla, kada a naɗa ta kawai. Da rani ƙasa na bushewa, sandar ta rage aiki, don haka a riƙa zuba mata ruwa, kuma a duba mahaɗin ko ya yi tsatsa.

Na biyu ita ce na'urar nan irin ta Dalziel, wadda za mu kira mai gadin yoyo. A kanti za ku ga an rubuta RCD ko RCCB a jikinta, da lamba 30mA. Aikinta kamar na akawun sito ne wanda ke ƙirga buhun da ya fita da wanda ya dawo. Tana auna wutar da ta tafi ta waya ɗaya da wadda ta dawo ta ɗaya wayar. In sun yi daidai, ba ruwanta. In wadda ta dawo ta gaza da miliamfiya 30, ta san sauran ta bi wata hanya, watakila ta jikin mutum, sai ta yanke wuta kafin ƙiftawar ido. Ku lura da lambar da kyau, domin akwai masu 100mA da 300mA, waɗannan don tsare gobara a ka yi su, ba su isa tsare mutum ba. A sa ta a can gida, inda wayar lambu ta taso, don ta tsare dukan tsawon wayar. Tana da wani ɗan maɓalli mai harafin T. A danna shi sau ɗaya kowane wata. In wuta ta ɗauke, tana da lafiya. In ba ta ɗauke ba, ta mutu, a sake wata.

Ga inda a ke samun matsala. Wata rana mai gadin yoyo za ta yi ta yanke wuta, ga tumatir yana jin ƙishi, ga yaro ya gaji da zuwa tayar da ita. Sai wani mai dabara ya ce a tsallake ta a haɗa kai tsaye. Kada ku yarda. Ba ta yanke wuta don mugunta, ta ga yoyo ne wanda ku ba ku gani ba. A nemi inda ya ke.

WAYA DA MAHAƊA

Yawancin yoyo daga mahaɗa ya ke fitowa. Leda da tef ba su hana ruwa shiga. Raɓar asuba kaɗai ta isa. Abin da ya fi shi ne waya guda ba yanki daga gida har rumfar inji. In tilas ne a haɗa, a yi cikin akwatin roba mai murfi, a ɗaga shi bisa gungume sama da inda ruwa ke kaiwa. Wayar famfon da a ke nutsarwa cikin ruwa kuwa tana da irin haɗinta na musamman, da ƙaro mai daskarewa ko roba mai tsukewa da zafi, wannan aikin gwani ne.

Waya a kwance bisa ƙasa tana da abokan gaba da yawa: fartanya, da ɓera, da kofaton shanu, da wutar da a ke sa wa ciyawa da kaka, da rana wadda ke busar da robar har ta tsattsage. Ko dai a ɗaga ta bisa dogayen sanduna inda mutum da kaya a ka zai wuce ƙarƙashi ba tare da ya taɓa ba, ko kuwa a sa ta cikin bututun roba a binne zurfin ƙafa 2, a kafa alama a bisa layin don mai haƙa ya sani. Kada a rataya ta jikin wayar shinge ta ƙarfe. In ta huje, shingen duka ya ɗauki wuta.

Kaurin waya kuma abin lura ne, a nan ma har da maganar aljihu. A ce famfo yana jan amfiya 5, nisa kuwa mita 200 ne. In an ja siririyar waya mai lamba 1.5, wajen bolt 24 zai ɓace a hanya. In an ja mai lamba 4, abin da zai ɓace bai kai bolt 10 ba. Ga shi kuma wutar kanta sau da yawa takan zo da rauni. Injin da bai sami isasshiyar wuta ba yakan yi zafi, zafin ya cinye shafen da ke jikin naɗin tagullar cikinsa, daga nan wuta ta fara taɓa jikin ƙarfe. Ga asalin "yana ɗan ja" ɗin nan. Watau wanda ya yi tsimin kuɗin waya zai biya mai naɗin inji sau biyu ko uku, in ma abin ya tsaya a kuɗi.

'Yan kasuwa masu sayar da kayan wuta, a nan kuna da hakki a wuyanku. Akwai wayar da a ke rubuta wa lamba 2.5 alhali cikinta bai kai ba, akwai kuma wadda ba tagulla ba ce, an dai shafa mata launi. Manomi bai san bambanci ba, ku kun sani. Ku sayar da mai hatimin hukumar SON, in mutum ya ce lambu zai ja, ku gaya masa gaskiyar kaurin da ya kamata, ko da zai tafi wani shago.

DANDAMALI DA AMBALIYA

Yanzu sai katakon. Gara takan ci ciki ta bar baya sumul. A ɗauki tsinin wuƙa ko ƙusa a caka a gindin kowane ginshiƙi, musamman daidai inda ruwa da iska ke haɗuwa, nan ne ruɓa ke farawa. In ƙusa ta shige da sauƙi, a sake ginshiƙin. Ƙusoshin da su ka yi tsatsa a sake su da noti mai shafen tutiya. Dandamalin da ya karye da inji a kai yana aiki, inji da waya da mai tsaye duk cikin ruwa za su faɗa tare.

Mutanen Kaduna ba su manta da ambaliyar 2003 da ta 2012 ba, sa'ad da kogin ya haura gaɓa ya shiga gidaje da gonaki. Ko a shekarar da ba a yi irin wannan ba, cikin Agusta da Satumba ruwa yakan rufe fadama. Saboda haka makunni da soket a ɗaga su sama da alamar da ruwa mafi girma ya bari a jikin itatuwa, a yi musu rumfa. Da damina ta kama, a cire wayar lambu daga can gida ɗungum, ba kashe makunni kaɗai ba, a naɗe ta, a ɗauke inji. Injin da ruwa ya shanye kuwa, in ba irin na nutsarwa ba ne, kada a kunna shi don an shanya shi kwana biyu a rana. Laka da damshi suna maƙalewa a ciki. A kai wa mai gyara ya buɗe, ya busar, ya auna da na'urarsa. Soket da makunni da mai gadin yoyo da su ka nutse, zubar da su a ke yi.

Masu janareta, kada ku ce wutarku ƙarama ce. Bolt 230 ɗin nan ne dai. A ajiye shi a busasshen wuri mai iska, nesa da gaɓa, kuma a sa gwani ya haɗa masa wayar ƙasa da mai gadin yoyo ya gwada, domin waɗansu ƙananan janareta in ba a yi musu haɗin daidai ba na'urar ba za ta yi aiki ba. Masu hasken rana kuma ku sani faranti da yawa in an jera su sukan tara bolt ɗaruruwa, kuma muddin rana na bugunsu akwai wuta a wayarsu ko an kashe famfo. Suna bukatar makunni irin nasu. Har wa yau, mai ɗaga dogon bututun ƙarfe ya dubi sama tukuna. Manyan wayoyin da ke ratsa unguwanni suna ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000, irin wannan wuta tana iya tsallakowa tun bututu bai taɓa waya ba.

Duk aikin nan a ba wanda ya koya. Tun 2015 akwai hukumar NEMSA wadda ke jarraba masu haɗa wuta tana ba su takardar shaida. Ba laifi ba ne ka ce wa mai aiki ya nuna maka tasa. Akawu mai lambu kuma, tun da kai ba ka kwana a wurin, ka nuna wa yaronka da iyalinsa inda a ke kashe wuta, ka saya masa takalmin roba, ka kafa masa doka guda wadda ba ta da togiya: ba a shiga tafkin kifi, ba a taɓa famfo, ba a share bakin bututu, sai an zare fulogi an riƙe shi a ido.

IN ABIN YA FARU

In kana cikin ruwa ka ji tsikari ko jikinka na ja, kada ka nufi dandamali ko inji don ka kama ka fita, nan ne wutar ta fi ƙarfi. Ka juya ka koma ta inda ka fito, ka yi kururuwa a kashe wuta.

In wani ka gani ya ƙage a ruwa ko ya manne da inji, kada ka faɗa ruwan, kada ka kama shi da hannu. Sau da yawa mai ceto shi ke zama gawa ta biyu. A fara kashe wuta. In makunni na da nisa, ka tsaya a busasshen wuri ka ture waya ko ka jawo mutumin da busasshiyar gora ko busasshiyar igiya. Wannan a wutar gida ke nan. In babbar waya ce ta kan hanya ta faɗo, gora ba ta tsare kowa, a ja da baya nesa, a hana mutane matsowa, a kira ma'aikatan wuta.

Bayan an fitar da shi, a duba ko yana numfashi. In yana yi, a kwantar da shi ta gefe. In ba ya yi, a kwantar da shi rigingine bisa ƙasa mai tauri, a ɗora tafin hannu ɗaya bisa ɗaya a tsakiyar ƙirjinsa, a danna da ƙarfi zurfin wajen inci 2, da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti. Bayan kowane dannawa 30 a ɗaga haɓarsa, a toshe hanci, a hura masa iska a baki sau 2. In mai yi ya gaji wani ya karɓa, kada a tsaya, wani kuma ya tafi neman mota. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja, zai shige masa huhu. Wanda ya farfaɗo ya ce ya warke, shi ma a kai shi asibiti a duba zuciyarsa, domin wuta takan yi ɓarna a ciki wadda ba a gani a fata.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu yi magana a kan renon tumatir da attarugu da lokacin dashensu a fadama.